Tayar da Aka Aske Wa Gefe

Ruwan sama ya ɗauke da asuba, ya bar hanya sumul kamar an share ta. Wata mata da ta fito zubar da toka ce ta fara ganin mutumin, kwance a gindin bishiyar da ke kwanar bayan injin niƙa. Da farko ta ɗauka barci yake yi, don akwai hula a naɗe a ƙarƙashin kansa. Sai da ta matsa ta ga jini a kunnensa, sannan ta yar da kwanon ta ɗora hannu a ka.

Baba Tudu ne. Sunan ya samo asali daga tudun ƙasar da ya tara a ƙofar gidansa don masu babur su rage gudu saboda jikokinsa. Kullum aka baje tudun sai ya sake tarawa.

Kafin rana ta ɗaga, unguwa ta gama yanke hukunci. Mai Burodi ne ya kashe shi. Baƙo ne, shekararsa biyu kacal a cikinsu, ba shi da dangi a nan sai matarsa. Watan jiya tudun ya kayar da shi da kayansa, ya tashi ya zagi tsohon a gaban mutane. Yau kuma burodi bai iso shaguna da wuri ba. To me ake jira? Babban ɗan marigayin ya tara abokansa suka tare shi a hanya, suka jawo shi daga kan babur. Da ƙyar shugaban unguwa ya ƙwace shi, ya kulle shi a ɗakin ajiyar gidansa. 'Yan sanda sun ɗauki gawa, suka ce motarsu za ta dawo da la'asar ta tafi da wanda ake zargi. Babban ɗan ya ce shi kam ba zai jira la'asar ba.

Shi ya sa shugaban ya aika a kira Mai Sawu.

*

Mai Sawu dattijo ne siriri, mai tafiya kansa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Da ƙuruciyarsa sawun dabbobin da suka ɓata yake bi, da gari ya cika da babura sai ya koma karatun taya. Ba ya gaggawa, ba ya kuma son a tsaya masa a kan inuwa.

"Ku ja baya," ya ce. "Ƙafafunku sun cinye mini rabin magana."

Ya tsuguna a bakin wani ɗan kududdufi. Taɓon da tayoyi suka ɗebo daga ciki ya nuna masa inda babur ya dosa: daga cikin unguwa ya fito, ya nufi gada. Sawun gaba siriri ne, zanensa ya suɗe. Na baya kuwa mai faɗi ne, sabo fil, haƙoransa sun cije ƙasa sosai. Ya shafa gefen sawun da ɗan yatsa, ya sake shafawa. Gefen dama haƙoran sun fito a jere. Gefen hagu babu su, sai santsi.

"Tsohon babur ne da sabon takalmi," ya gaya wa shugaban. "Ga baƙin man da ya ɗiga inda aka kwantar da babur ɗin. Tayar baya ta fi ƙarfinsa, an aske mata gefen hagu da wuƙa."

Ya bi sauran a hankali. Nan aka bugi tsohon. Babu alamar burki ko kaɗan, kamar mai babur ɗin ba gabansa yake kallo ba. Nan ya durƙusa, ga gwiwoyinsa biyu. Ya ja tsohon zuwa gindin bishiya, ya sa masa hula a ƙarƙashin kai, sannan ya ɗaga babur ya koma inda ya fito.

Kusa da saiwar bishiyar akwai wata alama. Layuka ne huɗu, an ja su sau da yawa a wuri ɗaya har ƙasa ta rame. Yatsun tsohon ne. Ya daɗe yana motsi bayan an tafi an bar shi.

'Yar marigayin ta ratso mutane ta zo, idanunta sun kumbura. "Kawu, don Allah gaya mini. Ya sha wuya?"

Mai Sawu ya miƙe, ya ɗora takalminsa a kan layukan. "Je ki zauna da mahaifiyarki, 'yata," ya ce. "Ita ce mai bukatarki yanzu."

*

Rumfar Mai Faci tana can ƙarshen lungu, bayanta fili ne. Shi kaɗai ne mai gyaran taya a wannan ɓangaren gada, kuma shekara talatin ke nan da Mai Sawu ke zama a kan bencinsa da yamma suna gardama a kan abin da bai shafe su ba. Yau ya same shi yana goge liba, ƙarfen cire taya, da tsumma, ga bokitin ruwan sabulu a gefe.

"Abokina, ka ji abin da ya faru."

"Na ji. Allah ya jiƙansa."

"Tsofaffin babura masu wili inci sha takwas, guda nawa suka rage a unguwar nan?"

"Uku. Na Akawu, na Mai Allura, sai na Mai Burodi." Ya ci gaba da gugarsa. "Wahala ce kawai riƙe su. Tayar bayansu mai faɗin inci uku ce, ita kuwa ta ɓace a kasuwa. Sai dai uku da rabi. Tana hawa wilin, amma ta yi ƙiba, gefenta na gugar murfin sarƙa."

"Sai a aske ta."

"Sai a aske ta. Kowane mai faci ya san wannan."

"Ka aske wa wani kwanan nan?"

Mai Faci ya ajiye libar, ya ɗauki wata. "Mai Burodi. Jiya ya kawo. Na ce masa ya jira a samo lambarta, ya ce burodi ba ya jira."

"Yaushe ya karɓa?"

"Jiya da yamma."

"Wane gefe ka aske?"

"Kai ne mai ido. Je ka duba." Sai ya ɗago kai a karo na farko. "Kada ka bari su kashe shi. Ko me ya faru, kada ka bari."

*

Akawu ya yi ritaya tun tuni, amma har yanzu da biro a aljihu yake karɓar baƙi. Ya kai Mai Sawu bayan ɗaki ya yaye wani tsohon bargo. Babur ɗin na tsaye a kan bulo biyu, tayoyinsa sun tsattsage, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashin injin.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Akawu. "Batir kawai yake so."

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Shekara huɗu ke nan yana son batir. Kawu, in za ku kama shi ku kama, ko na samu wurin shanya."

Mai Allura ne ya ɗan tsayar da zuciyar Mai Sawu. Ya same shi a shagonsa na magani da bandeji a gwiwa, marfin tayar gaban babur ɗinsa kuma a lotse. Da ya ga inda ake kallo sai ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Shekaranjiya ne, wallahi, kare ya shiga gabana! Tambayi kowa!"

"Wa ya gani?"

"Karen."

Mai Sawu bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya karanta lambar da ke jikin tayar baya, ya shafa gefenta biyu. Siririya ce, tsohuwa, an yi mata faci har ba a gane asalinta. Wuƙa ba ta taɓa ta ba. A cikin lotsewar marfin kuma tsatsa ta fara fitowa, abin da ba ya faruwa a safiya ɗaya.

"Ka sake taya," ya ce da shi. "Wannan za ta kashe ka ko ba kare."

Da ya fito rana ta take tsaka. A bakin titi ya ga samari biyu ɗauke da jarkar fetur, sun nufi gidan shugaban unguwa. Ya ƙara sauri, abin da ba halinsa ba.

*

Ɗakin ajiyar duhu ne, yana warin buhuna. Mai Burodi na zaune a ƙasa, ido ɗaya a rufe, ya rungume hannunsa na hagu a ƙirji. Ta taga ana jin muryar matarsa tana roƙon mutane, babu mai amsa mata.

"Sannu," Mai Sawu ya ce, ya miƙa masa ruwa.

Mutumin ya kai hannun dama ya tallafi kofin. Yatsu biyu ne kawai a hannun, babba da ƙarami.

"Injin kwaɓa ne, tun ina yaro," ya ce da ya ga ana kallo. "Ɗayan kuma yau suka taka shi. Baba, ban yi ba. Na zagi tsohon, wannan gaskiya ne, na kuma je na ba shi haƙuri washegari. Babu wanda ya ga wannan."

"Ina babur ɗinka ya kwana?"

"Wurin Mai Faci. Ya ce sai ya gwada tayar kafin ya ba ni, duhu kuma ya yi. Ya ce in zo da safe. Na je ƙarfe shida rumfa a rufe. Na koma bakwai, a rufe, amma ina jin ƙarar ƙarfe daga baya. Sai takwas ya turo mini shi."

"Wa ya gan ka?"

"Kowa ya tafi wurin gawa. Ni ban ma san me ake gudu a gani ba."

"Shi ya ce jiya ka karɓa."

Mai Burodi ya yi wani murmushi mara daɗi. "To shi ke nan. Shi shekararsa talatin a nan. Ni wa zai ji?"

Mai Sawu ya fito. Maganar baƙo ce da ta amininsa, ɗaya a ciki ƙarya ce, shi kuma ya san wadda yake so ta zama ƙarya. Ya ce wa shugaban a kawo baburan uku tsakar gida, a kira masu su, a kira Mai Faci.

*

Tsakar gidan ya cika har kan katanga. An turo na Akawu a kan baro. Babban ɗan marigayin na tsaye a gaba, jarkar na kusa da ƙafarsa. Aka fito da Mai Burodi aka zaunar da shi a bakin ƙofar ɗakin ajiya.

Mai Sawu ya sallami babura biyun farko da kalma ɗaya ɗaya. Sannan ya tsuguna a bayan na uku. Tayar gaba siririya, suɗaɗɗiya. Ta baya sabuwa, uku da rabi, zanenta shi ne na kan hanya. An aske mata gefe ɗaya.

"Kun gani!" wani ya yi ihu. Mutane suka motsa gaba ɗaya.

"Ku tsaya!" Mai Faci ne, ya ratso da sauri. "Ku duba da kyau. Da safe Mai Sawu ya ce gefen hagu aka aske. Ko ba haka ka ce ba? Wannan kuwa dama ce. Ba ita ba ce. Wani baƙon babur ne ya wuce. Ku sake shi ya tafi gida."

"Hagu ko dama, uban wa ya damu?" in ji babban ɗan. "Babur nawa ke da askakkiyar taya a garin nan? Baba, da girmanka, matsa gefe."

Mai Sawu bai ɗago ba. Da gaske ne, dama ce. Na ɗan lokaci ya ji sanyi a ransa, don ga hanyar da kowa zai tsira. Amma ya san samarin nan ba za su saurari hagu da dama ba, ya kuma san idonsa ya riga ya ga wani abu. Ya ɗaga babur ɗin a kan jak, ya kama tayar ya juya ta.

Ƙiii. Ƙiii. Ƙiii.

Duk zagaye ɗaya sai gefen hagu ya gogi murfin sarƙa. Tsakar gida ya yi tsit, ba a jin komai sai wannan kukan.

"Akawu," Mai Sawu ya ce, "sarƙar babur irin naku wane gefe take?"

"Hagu."

"Mai Allura, don me ake aske taya?"

"Don kada ta gogi murfin sarƙa mana."

"To ga taya an aske mata gefen da babu sarƙa, an bar mai haƙora yana cin ƙarfe." Ya shafa gefen da aka aske, ya ɗaga yatsansa sama. Baƙi ƙirin da man sarƙa. "Wannan gefen ya yi tafiya kusa da sarƙa, ga mansa. A hagu yake lokacin da aka bugi Baba. Bayan nan aka kwance wili, aka cire tayar, aka juya ta, aka mayar. Yau da safe."

"Shi ya juya ta don ya ɓad da sawu!" babban ɗan ya nuna Mai Burodi.

"Ɗaga hannunka na dama," Mai Sawu ya ce.

Mai Burodi ya ɗaga yatsunsa biyu.

"Sabuwar taya mai tauri, wadda ta fi wilinta ƙiba. Mai yatsu goma ma sai da liba uku da ruwan sabulu, sai kuma ya iya. Wanda ya iya a wannan ɓangaren gada mutum ɗaya ne." Sai yanzu ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya juya ya fuskanci amininsa, ya rage murya. "Ka ce tun jiya da yamma babur ɗin nan ya bar hannunka."

Mai Faci ya dubi tayar, wadda har yanzu take juyawa a hankali. Sannan ya zauna a ƙasa daɓas, kamar an zare masa ƙashi.

"Ban taɓa ba mutum babur ban gwada ba," ya ce. "Gada kawai zan je in dawo. Na aske ta, amma ina jin kamar har yanzu tana taɓawa. Na sunkuya ina kallon sarƙa, ina saurare. Da na ɗago yana gabana." Ya goge fuska da tsumman da ke kafaɗarsa. "Na ce bari in je in kira mutane. Wallahi da niyyar da na hau ke nan. Sai na tsinci kaina a rumfa. Na san kai za a kira, na san abin da za ka gani. Na ce in na juya ta sawu ba zai kama kowa ba, ba ni ba, ba shi ba."

"Amma da na tambaye ka, ka ce jiya ya karɓa."

"Tsoro ne."

'Yar marigayin ce ta yi magana daga cikin mata. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. "Baba Mai Faci, da ka tafi, yana numfashi?"

Mai Faci ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa.

Babban ɗan ya yi wani irin kuka ya zaburo. Shugaban unguwa da Akawu suka riƙe shi, Mai Allura ya sure jarkar ya ruga da ita waje. Mai Sawu ya kama amininsa ta hammata, ya ja shi ya wuce da shi ta gefen Mai Burodi, ya tura shi cikin ɗakin ajiyar, ya ja ƙofa. Sannan ya zauna a bakin ƙofar, ya miƙe ƙafafu.

"Wanda zai shiga sai ya taka ni," ya ce. "Yau kun riga kun daki mutum ɗaya a banza. Ya isa."

Babu wanda ya taka shi. Haka ya zauna, rana na dukansa, har motar ta zo da la'asar. Da aka fito da Mai Faci ya tsaya a gabansa kamar zai ce wani abu. Mai Sawu ya ci gaba da kallon ƙasa har aka rufe motar.

*

Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa ta bango yake bi. Mai Burodi na zaune inda aka bar shi, matarsa na ɗaure masa hannu da mayafinta. Babu wanda ya tsaya ya ce masa sannu. Wanda ya taka masa hannun ya wuce ta gabansa yana duba wayarsa.

Mai Sawu ne ya tura masa babur ɗin har gida. A ƙofar gidan burodin safe na nan a zube cikin taɓo inda aka watsar da shi, awaki sun ci rabi. Ƙofar tanderu a ɓalle take, aikin waɗanda suka far wa gidan da safe.

"Na gode, Baba," mutumin ya ce. "Da ba don kai ba, da yanzu ni toka ne."

"Ka je asibiti da hannun nan. In ya warke a gyara tanderu. Zan yi wa shugaba magana su taimaka."

Matar ta shiga ciki. Jim kaɗan aka ji tana sauke tukwane tana jera su a cikin buhu.

"Ina za ku?" Mai Sawu ya tambaya. "An wanke ka a gaban kowa."

"An wanke ni." Mai Burodi ya dubi layin, inda ƙofofi suke a rufe tun rana ba ta faɗi ba. "Baba, ka ga ko mutum ɗaya da ya iya kallon fuskata? Da ni na yi, wata rana za su yafe mini. Amma su suka yi. Kullum na kawo burodi sai sun ga hannun nan."

Mai Sawu ya jingina babur ɗin da bango, ya shiga ya kama wa matar bakin buhun.